Filin Tambaya: "Na ga wani layi a kwamfutata, ko su ne?"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne, shekarata 24. Tun ranar da na karanta cewa akwai masana da suka shafe shekaru suna kasa kunne ko za su ji saƙon wasu halittu masu hankali daga wasu duniyoyi, abin ya shiga raina ya hana ni sakat. Na samo tsohon farantin satalayit mai faɗin kamar mita guda, na cire kan da ya zo da shi na ƙera wani, na haɗa da 'yar na'urar rediyon nan da ake soka wa kwamfuta, na saita ta a kan megahaz 1420 kamar yadda na ga ana cewa. Yau dare huɗu ke nan a jere, da ƙarfe 11:20 daidai, wani siririn layi yake fitowa a allo farat ɗaya, ya yi kamar minti goma, ya ɓace. Ban gaya wa kowa ba sai yayana, shi kuwa ya ce in nemi abin yi. Malam, ko su ne? In su ne, wa zan sanar? In kuma ɓata lokacina nake yi, don Allah ka gaya mini gaskiya.
*Mai sauraron dare*

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tunda gaskiya ka nema, ga ta: ba su ba ne. Kuma kai da kanka ka miƙo mini hujjar a cikin wasiƙarka, inda ka ce "11:20 daidai".

Taurari ba sa bin agogon da ke hannunka. In aka auna juyin duniya da taurari, tana kammala zagaye guda cikin awa 23 da minti 56 da 'yan daƙiƙu. Ragowar minti huɗun da ke cike awa 24, duniya na ƙara su ne don ta sake fuskantar rana, saboda kafin ta gama juyi ta riga ta ɗan gusa a hanyarta ta kewaya ranar. To, tunda farantinka a kafe yake wuri guda, duk tauraron da ya zo saitinsa daren Litinin da ƙarfe 11:20, daren Talata 11:16 zai zo, Laraba 11:12, Alhamis 11:08. Kafin wata ya zagayo ya riga ka da awa biyu. Abin da kuwa yake zuwa a kan minti guda kullum ba tare da kuskure ba, mai agogo irin namu ne ya kunna shi: wata na'ura da aka saita wa lokaci, ko wani maƙwabci da bai saɓa wa al'adarsa ba.

Hujja ta biyu ita ce yadda layin ke shigowa. Faranti mai faɗin mita guda, a wannan zango, idonsa a buɗe yake ƙwarai, yana kallon yanki mai faɗin kamar digiri 15 a sararin sama. Sama kuma tana gusawa digiri 15 a kowace awa. Saboda haka abin da yake can sama da gaske zai shigo maka ne sannu a hankali, ya yi ta ƙarfi har ya kai ƙarshen ƙarfinsa, sannan ya yi ta raguwa, duka a cikin kusan awa guda. Naka ya faɗo kwatsam, ya tafi kwatsam.

Yau da dare, in layin ya fito, kada ka tsaya kallonsa. Tashi ka karkata farantin ya kalli wani ɓangare dabam na sama. In layin na nan daram, ba daga inda ka nufa yake zuwa ba. Sai ka zare wayar eriyar gaba ɗaya daga jikin na'urar; in har yanzu yana nan, a cikin ɗakin yake, ko a cikin na'urar kanta. Waɗannan ƙananan rediyoyin na kwamfuta suna da halinsu: da yawa suna zana wani layi na ƙarya a tsakiyar allo, wanda za ka gane shi in ka ɗan matsa saitin ka ga ya biyo ka kamar inuwa. In duk wannan bai kama ɓarawon ba, ka bi kayan wutar gidan kana kashe su ɗaya bayan ɗaya, idonka a kan allo. Kai da ke gyaran rediyo ka fi ni sanin irin ƙarar da cajar waya mara kyau ke zubawa.

Na ce maka caja ne domin ni ita ta kama. Shekarun baya, da na fara wannan harka da faranti bai fi naka ba, na ga layi biyu sirara suna tafe tare, ga su tsaf kamar an ja su da rula. Sati uku ina rubuta su a littafi, lokacin fitowa da lokacin ɓacewa, har na fara tunanin kalmomin da zan rubuta wa masana. Ba na barcin kirki. Ranar da asiri ya tonu, batirin kwamfutar ya cika ne, na miƙa hannu na zare cajar daga bango ba tare da tunanin komai ba. Ina ɗago kai, babu layi. Na mayar, suka dawo. Na zare, suka tafi. Sai da na yi haka ya fi sau goma, kamar mai fatan ta canza magana. Littafin yana nan har yau, ban yaga shafukan ba.

Kada ka ji kunya, domin manya ma sun sha wannan. Frank Drake, wanda ya fara wannan saurare da na'urar zamani, yana da shekara 29 lokacin da ya juya faranti mai faɗin mita 26 a Green Bank da ke jihar West Virginia ta Amurka, cikin watan Afrilun 1960, ya nufi wasu taurari biyu makusanta, Tau Ceti da Epsilon Eridani. A ranar farko, yana juyawa ga na biyun, sai ga sigina mai ƙarfi tana bugawa. Daga baya ta tabbata daga nan ƙasa take, ana kyautata zaton jirgin sama ne ya gifta. A 1967 wata ɗaliba a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Jocelyn Bell, ta lura da wani ɗan ƙazanta a doguwar takardar da na'urarsu ke zanawa. Da aka bi diddigi sai aka ga bugu ne da ke maimaita kansa kowace daƙiƙa 1.3, ba ya saɓawa. Cikin raha suka laƙaba masa LGM-1, wato gajerun koren mutane a Turance. Wannan kam daga sama yake, domin ya ci jarrabawar minti huɗun da na gaya maka. Amma da ta sake samun irinsa a wani ɓangaren sama dabam, sai maganar baƙi daga wata duniya ta faɗi: wani irin mataccen tauraro ne mai tsananin nauyi da ke juyi da sauri yana watso igiyar rediyo kamar fitilar motar 'yan sanda. Ta nemi abu guda ta tsinci wani, kuma wanda ta tsinta ya jawo kyautar Nobel ta 1974, sai dai malaminta Antony Hewish aka ba, ba ita ba. Wannan har gobe yana ci mini rai, amma ba shi ne zancenmu ba.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Parkes a Ostireliya, faranti mai faɗin mita 64. Shekara da shekaru yana kama wasu gajerun sigina masu ɗaure kai, sai a 2015 aka gano daga ɗakin ma'aikata suke: duk sanda wani mai gaggawa ya buɗe ƙofar maikirowef, na'urar nan ta ɗumama abinci, kafin ta tsaya da kanta, sai ta fesa 'yar igiyar rediyo, farantin ya cafke. A wannan Parkes ɗin dai aka kama wata siririyar sigina a kan megahaz 982 a 2019, lokacin da farantin ke kallon Proxima Centauri, tauraron da ya fi kowanne kusa da ranarmu. Ita kam har ta tsallake gwajin karkata faranti: a kalli tauraron ta fito, a kau da kai ta ɓace. Labarin ya fasu a ƙarshen 2020, duniya ta ɗauka. A 2021 masu binciken da kansu suka fito da sakamako cewa sun tono wasu sigina masu kama da ita a cikin bayanansu, waɗanda ke fitowa ko ina farantin ya kalla, alamar duk daga kayan lantarkin ɗan'adam suke. Ka lura, ba abokan gaba ne suka ƙaryata su ba. Su suka zauna wata da watanni suna neman hanyar kashe abin da suka fi kowa son ya rayu. A ganina wannan shi ne ainihin sana'ar. Saurare kowa na iyawa. Abin da ke da wuya shi ne ka zama mai gabatar da ƙara a kan abin da zuciyarka ke so.

Akwai guda ɗaya da har yau ba a rufe fayil ɗinta ba, kuma na san za ka tambaye ni ita. Daren 15 ga Agustan 1977, na'urar Big Ear ta Jami'ar Jihar Ohio ta kama wani abu daga ɓangaren taurarin da ake kira Sagittarius, dab da megahaz 1420. Kwamfutar lokacin ba ta da allo mai zane irin naka, takarda take bugawa. Kowace daƙiƙa 12 sai ta buga alama guda da ke nuna ƙarfin abin da ta ji: daga 1 zuwa 9, in ya wuce nan ta shiga haruffa, A a matsayin 10, B a matsayin 11, haka har gaba. Galibin takardar fili ne da 1 da 2. Bayan 'yan kwanaki wani mai suna Jerry Ehman yana duba takardun sai ya ci karo da wannan jeri: 6EQUJ5. Karanta shi da idon da na ba ka ɗazu. Shida, sha huɗu, ashirin da shida, talatin, sha tara, biyar. Ya hau, ya kai ƙololuwa, ya sauka, cikin daƙiƙa 72, wanda shi ne daidai lokacin da abin da ke sama zai ɗauka kafin ya gifta ta idon wannan na'urar. Ehman ya ɗauki jan biro ya kewaye jerin, ya rubuta "Wow!" a gefe, sunan da ya bi siginar ke nan. Mutane da yawa suna zaton 6EQUJ5 wani saƙo ne a ɓoye. Ba saƙo ba ne, ma'aunin ƙarfi ne kawai. Matsalar ita ce Big Ear tana da kunne biyu da ke bin juna a sama da tazarar 'yan mintuna, kuma ɗaya ne kaɗai ya ji. An koma wurin sau da dama da na'urorin da suka fi ta ƙarfi, shiru. Shaida ɗaya, sau ɗaya, ba ya tabbatar da hukunci. Ita kanta Big Ear an rushe ta a 1998, filin ya koma na wasan golf da gidaje.

Yanzu ga farantinka. Ba zan ruɗe ka ba: in don kama saƙon baƙi ne, ƙarami ne. Babban farantin Green Bank na yanzu faɗinsa mita 100 ne, wato yana tara abin da ya ninka naka sau 10,000, ga kuma na'urorinsa da ake sanyayawa don su rage ƙarar kansu. Kafin kai ka ji wani daga wani tauraro, sai in ya yi ihun da waɗancan za su kurumce. Amma akwai abin da farantin mita guda ke iya ji, kuma ni na fi son ka fara da shi.

Ka san me ya sa ake cewa 1420? Iskar haidirojin, wadda ta fi kowane sinadari yawa a sararin samaniya, tana fitar da wata 'yar igiyar rediyo ta kanta a kan megahaz 1420.4, mai tsawon santimita 21. Masu sauraron gajeren zango sun saba da mita 19 da mita 25. To wannan ma mita ce, sai dai ba ta kai rubu'in mita guda ba. Wani ɗan ƙasar Holan, Hendrik van de Hulst, ya yi hasashenta a 1944, aka kama ta a Jami'ar Harvard a 1951. A 1959 wasu masana biyu, Giuseppe Cocconi da Philip Morrison, suka rubuta a mujallar Nature cewa duk wata halitta da ta kai ga ƙera rediyo tana nazarin sama dole ta san wannan zango, don haka in mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su nemi juna, nan ce mahaɗar da kowannensu zai fara tunani. Shi ya sa ma dokar sadarwa ta duniya ta keɓe daga megahaz 1400 zuwa 1427, ba a yarda kowa ya watsa komai a ciki ba.

Ka sa wa farantinka ƙaramar amfilifaya mara ƙara a dab da bakin eriya, da matatar da ke barin wannan zango kaɗai ya wuce. Ka kallar da shi ga farin zanen nan da ke ratsa sama a dare mai duhu, wato gefen dandazon taurarin da ranarmu ke ciki, Milky Way. Kada ka sa ran siririn layi. Ka bar manhajar ta tara abin da take ji na minti biyar ko goma ta fitar da matsakaici, sai ka ga wani ɗan tudu ya taso daga cikin ƙarar, mai faɗi, mara kyan gani. Gajimaren haidirojin ke nan, daga nisan da haske ke shafe dubban shekaru kafin ya ratso. In ka kalli wani ɓangaren za ka ga tudun ya gusa hagu ko dama, wani lokaci ya rabu biyu, saboda wani gajimaren yana nufo mu wani yana nesanta, kamar yadda jiniyar mota ke sauya murya in ta wuce ka. Da wannan gusawar masana suka zana taswirar dandazon namu. Gobe kuma tudun zai riga agogonka da minti huɗu. Daren da na fara ganin haka da idona, wallahi ya fi mini layukan cajar nan daɗi nesa ba kusa ba, domin wannan na zare komai na mayar yana nan.

Batun ɓata lokaci kuwa, ka gaida yayanka, ka ce na ce yana da gaskiya rabi. In sauraren zai hana ka buɗe wurin aikinka da safe, ka rage. Amma wannan fage ne da 'yan sha'awa suka daɗe suna da kujera a cikinsa. Grote Reber, injiniyan rediyo ne kamar kai, ya ƙera faranti mai faɗin mita 9 a bayan gidansu a Wheaton ta jihar Illinois a 1937, ya yi shekaru kusan shi kaɗai ne a duniya yake zana taswirar sama da rediyo. Jerry Ehman aikin sa-kai yake yi lokacin da ya ga waccan sigina. 'Yan sa-kai ne a shirin Planet Hunters, masu duba bayanan na'urar hangen taurari ta Kepler daga gidajensu, suka lura da wani tauraro da haskensa ke dusashewa ba tsari, wani lokaci har kashi 22 cikin ɗari. Da aka wallafa a 2015 wasu suka ce ko wani gagarumin gini ne baƙi suka yi a kewayensa; ƙarin awo ya nuna ƙura ce ta fi dacewa da abin da aka gani. A 2018 wani ɗan sha'awa a Kanada, Scott Tilley, yana laluben wani tauraron ɗan'adam dabam sai ya ji muryar IMAGE, tauraron ɗan'adam na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wanda ta yanke ƙauna da shi tun 2005. Ni kaina ina cikin miliyoyin da suka ba da aron kwamfutarsu ga SETI@home, shirin da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta buɗe a watan Mayun 1999: a turo maka ɗan guntun abin da katafaren farantin Arecibo na Puerto Rico ya ji, kwamfutarka ta tace shi lokacin da ba ka aiki da ita, ta mayar. Sun daina rabon aikin a ƙarshen Maris na 2020. Ban kama kowa ba, amma a nan na koyi karanta irin zanen da kake kallo yanzu.

Wa za ka sanar in wata rana abu ya ci duk jarrabawar? Ba 'yan jarida ba, ba Facebook ba. Ka adana ainihin bayanan da na'urar ta ɗauka, da lokaci daidai, da inda farantin ke kallo, ka nemi wani mai faranti a wuri mai nisa da kai ya duba wurin. Ƙa'idar da masanan fagen suka amince da ita tun 1989 ma haka ta ce: a tabbatar tukuna ta hannun wasu, sannan a sanar da duniya baki ɗaya. Ka rubuto mini abin da ka samu yana kunna kansa da 11:20.

Tambaya: Malam, ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Wata ɗalibata ta tambaye ni: tunda an fi shekara 60 ana saurare ba a ji komai ba, ba shi ke nan an gane babu kowa ba? Na ba ta amsa, amma ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba.
*Malama H.*

Amsa: Malama, ki gaida mini wannan ɗaliba, domin tambayarta 'yar'uwar wadda masanin kimiyya Enrico Fermi ya jefa wa abokan aikinsa ce a Los Alamos ta Amurka a 1950: in suna da yawa, ina suke?

Shekara 60 tana da yawa a rayuwar mutum, amma ki duba girman wurin da ake lalube. Taurarin dandazonmu kaɗai sun haura biliyan 100. Ga kowane tauraro sai an dace da zangon da ake magana a kai, cikin biliyoyin zanguna. Sai an dace da lokacin da mai maganar ke magana. Sai kuma muryarsa ta kai ƙarfin da kunnenmu zai ji. Shirin Phoenix, wanda ya gudana daga 1995 zuwa 2004 bayan majalisar dokokin Amurka ta yanke wa NASA kuɗin wannan bincike a 1993, taurari kusan 800 ya saurara. Jill Tarter, wadda ta jagorance shi, ta sha kwatanta duk abin da aka lalube da kofin ruwa guda da aka ɗebo daga teku. A 2018 Jason Wright da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Pennsylvania suka sake lissafin da sababbin bayanai, suka ce yanzu ya kai kamar ɗan ƙaramin kwamin wanka in aka gwada da dukkan tekunan duniya. Ki tambayi ɗalibarki: wanda ya ɗebi wannan bai ga kifi ba, zai iya rantsuwa babu kifi a teku? Allura ce cikin ruwa.

Sai dai kada ki bar ta ta zame zuwa ɗaya gefen, ta ce to lallai akwai su. Abin da ya tabbata shi ne duniyoyi suna da yawa. Kafin 1995 ba a san ko guda da ke kewaya tauraro irin ranarmu ba, sai da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano ta farko; zuwa 2022 adadin da aka tabbatar ya wuce 5,000, kuma tauraro guda, TRAPPIST-1, yana da bakwai masu girma kusan na tamu. Amma yawan gidaje ba ya nuna akwai mutane a ciki. A lissafin da Drake ya rubuta a allo a 1961 don ƙiyasta yawan masu hankalin da za a iya jin saƙonsu a dandazonmu, mai gaɓa bakwai, na farko-farko da suka shafi taurari da duniyoyi an samu hannu a kansu. Na ƙarshe kuwa, wato sau nawa rai ke farawa, sau nawa yake kaiwa ga hankali, kuma shekara nawa masu hankalin ke yi suna watsa sigina kafin su yi shiru, misali guda ɗaya tak ke hannun kowa, mu. Wanda ya ce miki "tabbas akwai" da wanda ya ce "tabbas babu", duk sun wuce inda awo ya tsaya. Drake ya rasu a 2022 yana da shekara 92 bai ji ba. Aikin dai bai tsaya ba: a 2015 attajirin nan Yuri Milner ya ware dala miliyan 100 na shekara goma ga shirin Breakthrough Listen, ga farantin FAST na ƙasar Sin mai faɗin mita 500 da aka kammala a 2016, ga MeerKAT a Afirka ta Kudu da farantai 64.

Tambaya: Maimakon zaman jira, me ya hana mu aika musu saƙo, ko ma a tura jirgi? Ai zuwa da kai ya fi aike.
*Wani makaranci*

Amsa: An aika, ɗan'uwa. Ranar 16 ga Nuwamban 1974 farantin Arecibo na Puerto Rico, mai faɗin mita 305, ya watsa saƙo na kusan minti uku zuwa wani curin taurari da ake kira M13. Ɗigo 1,679 ne, kuma da gangan aka zaɓi lambar, domin ba ta rabuwa sai 23 sau 73. Wanda ya jera ɗigon a haka zai ga hoto: ƙidaya daga ɗaya zuwa goma, sinadaran da aka gina rai da su, siffar mutum, rana da duniyoyinta. M13 tana da nisan tafiyar haske ta kusan shekara 25,000. In an amsa ranar da ya isa, sai mu saurari amsar bayan shekara 50,000. Shi kansa farantin da ya aika ya rufta a watan Disambar 2020. Akwai kuma masu ganin bai kamata a yi ta kiran wanda ba a san halinsa ba, marigayi Stephen Hawking na cikinsu; tsuntsun da ya ja ruwa, in ji su. Ni dai ban cika damuwa ba, tunda rediyo da rada namu sun kai shekara ɗari suna yoyo, sai dai ko wannan yoyon bai wuce tafiyar haske ta shekara ɗari ba, a dandazon da faɗinsa ya kai ta shekara 100,000.

Zuwa da kai kuwa, lissafi ne ya hana. Kumbon Voyager 1, da aka harba a 1977, shi ne abin da hannun ɗan'adam ya ƙera da ya fi nisa da mu. Yana gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa guda, kuma bayan duk waɗannan shekaru nisansa bai wuce abin da haske ke ci a kusan kwana guda ba. Proxima Centauri tafiyar haske ce ta shekara huɗu da 'yan watanni. Da can ya nufa, kuma ba can ya nufa ba, da sai ya shafe fiye da shekara 70,000 a hanya. An liƙa masa faifan zinare mai ɗauke da hotuna da sautuka da gaisuwa cikin harsuna 55. Na bi jerin sau biyu ina dubawa: akwai Larabci, akwai Luganda da Nyanja da Sotho, babu Hausa.